Hoton Fasfon Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna ta garin Babban Mutum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da durƙuso irin wanda kika sa aka koya mini, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin rahamarsa da yalwar makwanci. Mu nan Daura lafiya lau muke. Auta yana gaishe ki. Ya yi tumbi, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau in ya zo gidana sai ya buɗe tukunya kafin ya ƙarasa gaisuwa.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki, yanzu ina koya wa wasu 'yan mata ɗaukar hoto, kuma shekaranjiya ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni wane mutum ne ya fi ba ni wahala a duk tsawon sana'ata. Tana jiran in ce amarya ko jariri. Na ce mata mahaifiyata, suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa nake yi.

Na san akwai masu leƙen wasiƙar nan ta bayan kafaɗata, kuma yawancinsu yaran zamani ne da iyayensu mata ke ƙwala musu kira da sunan yanka, har su rungume su a tasha. Ki yi haƙuri in maimaita abin da kika fi ni sani, don kada su ɓata. Ni ce 'yarki ta fari, kuma a zamaninku ana kunyar ɗan fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ba ki taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, ba kya kuma haɗa ido da ni. Ana yaye ni Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ta goye ni ta kawo ni Daura, a hannunta na girma.

In na zo ganin gida, maganarmu sai ta bi ta hannun wani. "Ku ce wa waccan ga tuwo nan." In kuwa babu kowa a tsakar gida sai ni da ke, sai ki faɗa wa akuya. Akwai wata jar akuya da ta isar mini da saƙonninki da yawa, har da na ranar da aurena na fari ya mutu, lokacin da kika zuba mata dusa kika ce, "Ke ja, gaya wa mutane haƙuri ake yi da duniya." Na ji, kuma na yi.

Shekarar da Shari'a ta zo jiharmu ina zawarci a ɗakin Gwaggo, ba ni da aiki sai tsince shinkafa da sauraron rediyo. A lokacin ne aka hana maza masu hoto kutsawa cikin mata a wurin biki. Da can har tsakar gida suke shiga, kyamara a wuya, suna gyara wa ƙawayen amarya ɗaurin ɗankwali. Da aka hana, sai matan Daura suka shiga wani hali. A yi ɗinki, a yi lalle, a aro sarƙa, a ci a sha a watse, babu shaida.

Mace ɗaya ce mai shagon hoto a garin, Maman Ngozi. Ibo ce, mijinta yana sayar da kayan gyaran babur, kuma sun daɗe a Daura har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari karin magana. Aiki ya yi mata yawa, ana biki a nan ana suna a can, ita kaɗai. Ta ce tana neman yarinyar da ta san gidaje. Gwaggo, wadda ta gaji da ganina a kwance, ta kama hannuna ta kai ni.

Da labari ya iso miki, ba hoton ne ya fara tayar miki da hankali ba, sunan malamar tawa ne. Gwaggo ta ce da kika ji Ngozi ita ce 'yarta ta fari, sai kika ajiye taɓarya kika ce, "A kira mace da sunan 'yar farinta a tsakiyar kasuwa, ta waiwaya ta amsa? Lallai duniya da faɗi take." Bayan kin huce ne kika ƙara da cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da aka rataye hoto, kuma duk mai son ganinki ya san hanyar Babban Mutum.

Maman Ngozi ta fara mini da haske. Kada rana ta zama a bayan mutum, in ba haka ba inuwa za ki ɗauko. Kada kuma ki sa shi ya fuskanci rana, ya yamutse fuska kamar ya sha tsamiya. A nemi inuwar bango da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe a hankali. Ta koya mini riƙe numfashi kafin in danna, da duba bayan mutum, don kada turmi ko igiyar shanya su tsiro masa a ka. A lokacin fim ake sawa, kuma sai an ba direba ya kai Kano an wanko. Kuskurenki ba za ki gan shi ba sai bayan kwanaki, bayan biki ya watse kowa ya mayar da kayan aro.

Aikina na farko ni kaɗai suna ne a wani babban gida, cike da manyan mata, har da uwargidan liman. Inna, tarbiyyarku ce ta kai ni ta baro. Ina shiga na ga sa'o'in kakata jere a kan kujeru, sai gwiwoyina suka san abin yi ba tare da sun yi shawara da ni ba. Na durƙusa. A durƙushen nan na ɗauki kowa, daga ƙasa ina kallon sama, kuma duk sanda wata ta dube ni sai in sunkuyar da kai daidai lokacin dannawa.

Da hotunan suka dawo daga Kano, Maman Ngozi ta baza su a kan teburi. Rabinsu ƙofofin hanci ne da haɓa. Sauran rabin babu kai gaba ɗaya, sai gwiwa da jaka. Uwargidan liman ta fito tamkar rumbu mai hanci. Maman Ngozi ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Saude, ni hoton mutane na aike ki. Wannan kasuwar hanci ce kika ɗauko mini." Da ta gama dariya ta share hawaye, sai ta gaya mini maganar da har yau nake gaya wa ɗalibaina: "In kin je aiki, ki cire ladabi ki ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalminki. In kin gama ki saka abinki ki tafi gida."

Wannan ya fi haske wuyar koyo. In tsaya ƙiƙam a kan hajiyar da a haife ta haifi uwata, in ce mata ɗago haɓa, karkato nan, kalle ni. Ranar da na fara taɓa haɓar wata tsohuwa don in gyara mata zama, na nemi gafararta har sai da ta ce in ɗauka ko in tafi, bayanta ya gaji.

Sannan ga halin mutanenmu. Bahaushe yana cikin raha, da ya ga kyamara sai ya tuna da duk wanda ya mutu a danginsu. Ya ƙame, ya haɗe rai, ya ɗora hannu a gwiwa. Wata ta ce in fito da ita farar mace a hoton. Wata ta zo da sarƙar aro, mai sarƙar tana tsaye a gefe tana gadi, har hannunta ya fito a hoton. Maman Ngozi ta ce duk wannan ba hoto ba ne. "Ido shi ne hoton," in ji ta, "sauran duk zane ne da ɗankwali. Kowa yana da inda ake taɓa shi ya manta da kyamara. Ki nemo wurin." Amarya sai in tambaye ta ko angon yana da ci. Tsofaffi kuwa ba a samunsu da dariya, da tsokana ake samunsu. In ce na ji ana cewa furar Baure ta fi tasu, nan take kai zai ɗago, ido ya kawo wuta, ni kuma in danna. Da haka na yi suna, har aka fara aiko mini da babur daga ƙauyuka.

Ana haka Allah ya buɗa wa Auta a cinikin shanu a kasuwar Mai'adua, ya biya miki kujerar Makka. Kin tuna murnar da aka yi. Sai maganar hoton fasfo ta taso: fuska gaba, ido biyu a buɗe, suna kallon mai ɗauka. Malamin unguwa ya ce larura ce, babu laifi. Kika yarda da hoton, amma kika ce ban da namiji. "Tun ina yarinya nake kulle, sai yanzu da Shari'a ta zo zan je in zauna in zuba wa ƙato ido?" Auta ya yi lallashi har ya gaji. Aka ce to a ɗauko Maman Ngozi, ashe sun tafi garinsu Kirsimeti kamar yadda suka saba, ta bar mini makullin shago, kuma ba za su dawo ba sai bayan an rufe karɓar takardu.

Haka aka wayi gari, a duk ƙasar Daura mace ɗaya ta rage mai kyamara, kuma ita ce mace ɗaya da ba za ki iya kallo ba.

Muka zo ni da Gwaggo. Na rataya farin zane a bangon ɗakinki, na kife turmi kika zauna. Ni ma fa bakina ba ya iya ba ki umarni, don haka na ce, "Gwaggo, ce wa Inna ta ɗago." Kika ɗago kika kalli rumbu. Na matsa wajen rumbun, kika koma kallon dalbejiya. Na zagaya, kika sunkuya kina gyara bakin zane. Da aka wanko hotunan muka samu kunne, muka samu ƙeya, muka samu saman hijabi. Auta ya zaɓi mai dama-dama ya kai wa jami'in alhazai a Baure. Ya dawo ya ce mutumin ya duba da kyau ya ce, "Kunnen Hajiya ya fita sosai. Saura Hajiyar."

Karo na biyu muka yi dabara. Aka kafa zana a tsakar gida, aka huda ta daidai bakin kyamara, na ɓuya a baya, aka gaya miki wata baƙuwa ce aka samo daga Katsina. Kika fito kika zauna, har na fara murna. Sai na ga idonki ya sauka ƙasan zanar, inda yatsun ƙafata suka leƙo. Kika juya wajen akuya kika ce, "Wasu mutane sun ɗauka ba a san ƙafarsu ba." Daga nan ba ki sake duban zanar ba.

Karo na uku na saita komai na damƙa wa Gwaggo kyamarar, na koma zaure. Abin da ban sani ba, Gwaggo tsoron walƙiyar take ji, ta ɗauka abin kamar bindiga yake. Duk sanda za ta danna sai ta runtse ido biyu ta kau da kai. Mun samu babban yatsanta, mun samu sararin sama, mun kuma samu rumbun nan ya fito tar. Auta ya ce da rumbun ya biya wa kujera da tuni an gama magana.

A nan dariya ta ƙare. Jami'in ya aiko cewa takardu za su wuce Katsina, kuma wanda hotonsa bai zo ba za a ba wani kujerarsa. Auta ya rage cin abinci, wanda a wurin Auta alamar ciwo ce mai tsanani. Ke kuwa kika ce in Allah ya kira ki za ki je, in bai kira ba shi ke nan. Amma na ga fararen kayan da kika ɗinka kika ninke a ƙarƙashin matashi, kuma bayan sallar asuba ina jin ki ta bango kina maimaita Labbaika a hankali, kina gyara inda kika yi tuntuɓe.

Bari in gaya miki gaskiya, tunda yanzu babu akuyar da zan bi ta hannunta. Abin ya yi mini ciwo. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, an gaya mini tun ina ƙarama. Amma in ga kin fi yarda ki rasa Ka'aba da ki dube ni na ƙiftawar ido, wannan ya tsaya mini a rai. Na kuma ji tsoro kada a ce saboda ni kika rasa aikin Hajji, don kawai ni na fara zuwa duniya.

Ranar ƙarshe da hantsi, direban Kano yana jira a bakin hanya, na sake rataya zanen. Haske ya yi kyau a inuwar bango. Kika fito kika zauna don kada a ce kin ƙi, idonki a kan tafin hannunki. Na saita kyamara daidai goshinki. Na tuna maganar malamata, cewa kowa yana da inda ake taɓa shi. Na san zagin furarki ba zai ɗago ki ba, don kin san ba gaskiya ba ne. Na cire ladabin nan na ajiye, na riƙe numfashi, na kira sunanki.

Sunanki na yanka, tsirararsa, babu Inna babu komai, da irin muryar da yayarki za ta kira ki a ce kin bar tuwo ya ƙone. Ba zan rubuta shi a nan ba. Sau ɗaya ya ishe ni har abada.

Kanki ya ɗago kamar an fizge shi. Idanunki biyu suka sauka a kaina, cikakku, babu kaucewa, kuma na rantse ban taɓa sanin haka suke da girma ba. Na danna. Gwaggo ta ɗauki salati. Auta, ƙaton da ke kayar da bijimi, ya bi ta zaure bai tsaya ɗaukar hularsa ba.

Na sauke kyamarar na tsuguna ina jiran hukunci, amma saboda ruɗewa na manta ban sunkuyar da kai ba. Ke ma ba ki kau da ido ba. Ina kallo fushin ya fara sauka, ya bar wani abu daban. Kika bi fuskata da kallo tun daga goshi har haɓa, a hankali, kamar mai duba ajiyar da ta daɗe a hannun mutane. Sannan kika juya wajen Gwaggo kika ce, "Tabawa, ba kwa ba yarinyar nan abinci ne a Daura? Dubi wuyanta."

Sai bayan nan kika tuna da laifina, kika cire takalmi kika jefo. Ke da kike jifar kaza daga bakin rijiya ki same ta, ranar ina gabanki a tsugune takalmin ya wuce can gefe ya bugi bango. Na ɗauko na kawo miki da hannu biyu, ina kuka ina dariya, na ruga wajen direba.

Hoton ya fito tsaf. Auta ya ce da ya miƙa wa jami'in, mutumin gyara zama kawai ya yi ya buga hatimi. Da Maman Ngozi ta dawo ta gani, ta ce wannan shi ne hoto, ta tambaye ni me na ce miki har kika ɗago. Da na gaya mata, ta ɗora hannu biyu a ka ta ce ko a garinsu ba a yin haka.

Kika je kika dawo lafiya, da haƙorin Makka da buhun tsaraba. Kowa ya samu nasa a hannunki, ni kuwa ta hannun Gwaggo nawa ya biyo. "Ku ba mai hoto," kika ce. Na kwance ƙullin na tarar da 'yar kyamarar roba ta yara, irin wadda ake leƙawa a danna a ga Ka'aba da Madina. Ni da na yi aure na fito, ita kika tsaya a kasuwar Makka kika zaɓa mini. Na shiga ɗaki na leƙa ta har idona ya yi ja.

Ba ki sake kallona ba bayan wannan, har Allah ya karɓi abinsa. Kin koma wa akuyarki, ni ma na koma wa ladabina. Ban kuma ji ciwon ba kamar da.

Hoton nan shi kaɗai ne hotonki a duniya, in aka cire na kunne. 'Ya'yan Auta da ba su riske ki ba, duk sanda na nuna musu sai su ja da baya. Ƙaramarsu ta tambaye ni wa ya taɓa kakarsu haka. Na ce mata ni ce. Kowa ya gani sai ya ce hoton faɗa ne, har akwai mai ba ni shawara in sa na'ura ta sassauta miki gira, tunda yanzu ana yi. Na ce a bar mini uwata yadda take. Na ɗauki fuskokin mutane ba iyaka, masu murmushi da masu yanga, amma a nan ne kaɗai kike kallona. Ban rataye shi ba, na san ra'ayinki game da mala'iku. Yana cikin akwati a ƙarƙashin zannuwa. In kewarki ta taso sai in rufe ƙofa in ciro shi, ki yi ta hararata, ni kuma in ƙi sunkuyar da kai.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya karɓi Hajjinki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki ya yafe mana, ya jiƙan Baba da Gwaggo Tabawa da ta riƙe miki amana. Allah ya haɗa mu a Aljannar Firdausi. In mun haɗu, don Allah ki ɗago da kanki ki dube ni, domin ba ni da ƙarfin halin sake kiran sunan nan.

Wassalam.

Taki har kullum,
Waccan.